Shekarar da Malam Ya Zana Auduga

Abba da Hadiza, na san abin da kuke faɗa game da shekarar da idon mahaifinku ya tafi, ko da yake ba a gabana kuke faɗa ba. Kuna cewa da na tsaya tsayin daka da an yi masa aiki a Kano da wuri, kuma ni ce na ɗaure masa gindi ya zauna a Gumel yana zanen littafin yara har ganinsa ya ƙare. Ban taɓa ba ku amsa ba. Yana raye bai so a tayar da maganar, bayan rasuwarsa kuma bakina ya yi nauyi. Yanzu ƙarfi ya fara ja baya, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana tun daga tushe. Ba roƙonku nake ku wanke ni ba. So nake idan za ku yanke hukunci, ku yanke shi a kan abin da ya auku.

Wani rago ne asalin maganar. A lokacin ni da Malam, mahaifinku, muna koyarwa a firamare ɗaya a cikin garin Gumel, ni ina riƙe da aji uku, shi yana koyar da zane, kuma saura kaɗan ya yi ritaya. Aka kawo wa makarantar kyautar littattafai daga ƙasar waje. A cikinsu akwai wani mai hotuna masu launi wanda yara suka yi ta rububi a kansa. Shafin farko tunkiya ce fara sol, gashi ya rufe ta har ba a ganin ƙafafunta sosai. A na gaba wani mutum yana yi mata aski, sannan a wanke gashin, a taje shi, a murza shi ya zama zare, wata tsohuwa ta saƙa rigar sanyi, daga ƙarshe yaro ya sa yana dariya a cikin ƙanƙara. Ni kaina na shekara da shekaru ina saƙa wa jarirai hula da safa da ulu, amma sai ranar na tsaya na yi tunanin cewa daga jikin dabba aka samo asalinsa. Na karanta wa yaran, na fassara musu da Hausa, suka yi tsit suna kallo. Ana gab da Babbar Sallah sai ga wani dillalin dabbobi da ke hada-hada a kasuwar Maigatari ya shigo makaranta yana jan ragonsa na layya, 'yarsa tana biye da shi tana kuka. Yarinyar ajina ce. An bi gadon bayan ragon da almakashi, nan gashi nan fata, abin tausayi abin dariya.

"Ina malamar da ta ce ana yin riga da gashin rago?" in ji shi. "Ta fito ta nuna mini yadda ake yi, ni ma in huta da sayen yadi."

Hedimasta ya yi ta ba shi haƙuri, malamai suna ɓoye baki suna dariya. Malam ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya durƙusa a gaban yarinyar.

"Me kika so ki yi da gashin?"

"Rigar sanyi zan yi wa ƙanina."

"To wannan rigar ta jikinki fa, da me aka yi ta?"

Ta dubi rigar, ta share hawaye. "Daga Kano aka kawo ta."

Ranar ya ari littafin ya zo da shi gida. Bayan la'asar ya zauna a tsakar gida yana juya shafukan, yana kai su kusa da fuskarsa.

"Littafin nan bai yi ƙarya ba, Rabi," ya ce da ni, "amma ba namu ba ne. Tumakinmu ba su da irin wannan gashin. Mu auduga ce ta suturta mu tun kakanni, ga shi yaranmu ko mazarin kaɗi ba su taɓa gani ba. Zan zana musu namu, tun daga gona har wuyan yaro."

Na amsa masa da to, hankalina yana wani wuri. Yadda yake kusantar da takarda zuwa idonsa ne ya dame ni. Tun kafin nan na lura yana tuntuɓe da buta, yana bugun bakin ƙofa da kafaɗa, kuma ya taɓa gogar amalanke da babur ya ce wallahi bai gan ta ba. Ni na kira ka a waya, Abba, ban da saninsa. Ka zo ka ɗauke mu zuwa asibitin ido a Kano. Wannan duk kun sani. Kun san an ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana tsukewa. Abin da ba ku sani ba shi ne maganar da aka yi bayan ka fita karɓo maganin ɗigawa. Malam ya jira har ƙofa ta rufe sannan ya fuskanci likita.

"Likita, ni malamin makaranta ne, ka faɗa mini kai tsaye. Idan aka yi aikin zan ci gaba da gani?"

"Abin da ya tafi ba ya dawowa, Malam," in ji likitan. "Wanda ya rage kuma kaɗan ne, jijiyar ta galabaita ƙwarai. Aikin yana iya riƙe maka shi na wani lokaci. Yana kuma yiwuwa a cire bandeji a tarar ɗan abin da ya rage ya tafi. Shawarata a yi, amma ba zan yi maka alkawari ba."

"In ba a yi ba fa?"

"Maganin zai rage masa gudu. Amma tafiya zai yi."

Kafin ka dawo, Malam ya matso kusa da ni ya ce kada in gaya muku. Ya ce idan kuka ji cewa ganin tafiya zai yi ko ta yaya, tun daga ranar za ku fara riƙe masa hannu kuna hana shi fita, shi kuwa bai shirya zama makaho kafin lokacinsa ba. Na yi masa alkawari. A gidanka da yamma ka ce ka gyara mana ɗaki, mu tare a Kano a yi aiki a ci gaba da zuwa ganin likita. Malam ya ce sai bayan kaka, yana da aikin da zai gama. Ka juyo wurina.

"Umma, ki yi magana mana."

"Ka ji abin da mahaifinka ya ce," na ba ka amsa.

Na san wannan amsar ce ka riƙe har yau. Ba ka ga abin da ya biyo baya a Gumel ba. Ba na jayayya da mahaifinku a gabanku, haka aka tarbiyyantar da ni, amma da muka dawo gida na yi masa maganar da ban taɓa yi masa irinta ba tun aurenmu. Na ce likita da kansa ya ce a yi. Na ce littafi ba ya guduwa. Na yi kuka, na yi fushi, na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba tare da na ce uffan ba. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Wata safiya ina ɗiga masa magani, kansa yana bisa cinyata, ya ce:

"Rabi, ɗan ganin da ya rage mini, ko dai in kai shi ɗakin tiyata ban san ko zan fito da shi ba, ko in yi aiki da shi. Na shekara talatin ina koya wa yara zanen kofi da tebur. Wannan ne kaɗai abin da na taɓa so in zana don kaina. Ba zan iya ba sai da ke, don na daina hawa babur."

Na yi istihara, na yi tunanin abin da zan iya ɗauka da wanda ba zan iya ba. Na ga idan na tilasta shi aka yi aikin ya tashi cikin duhu, ba zan iya haɗa zama da shi a ɗaki ɗaya ba saboda nauyin abin. Idan kuma na bi shi, ku ne za ku ga laifina. Na zaɓi in ɗauki naku. Da aka koma makaranta na nemi a sallame ni, duk da cewa an riga an raɗa mini ana shirin ba ni shugabancin wata makaranta. Abokan aiki suka yi ta mamaki. Ban yi wa kowa bayani ba.

Wurin Gwaggo Tabawa muka fara, ƙanwar mahaifinsa da ke Ɗanzomo, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. A duk yankin ita kaɗai muka sani da ba ta ajiye kaɗi ba. Tana da 'yan tushen auduga a bayan gida, gefen kuɓewa, waɗanda jikokinta suke ta cewa a tuge a shuka wake. Mukan fito da sassafe mu shiga motar haya, ni da jakar takardu da ledar magani, shi da allon zanensa a hammata. Da ta ji abin da ya kawo mu, dariya ta yi har da tari, ta kira shi da sunansa.

"Ilu, furfura ta cika maka kai amma wasan yara bai bar ka ba. Audugar me za ka zana? Ai ba ta da fuska."

Ya zana furen da damina, ya zana ƙwallon tun yana kore, muka yi ta komawa har ya fashe da kaka. Sannan Gwaggo ta fito da kayan aikinta daga ƙarƙashin gado. Ta gurje audugar a kan faffaɗan dutse da sandar ƙarfe, gurya, wato 'ya'yan audugar, tana fita gefe guda. Ta shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi. Ta shafa alli a yatsu ta murza mazari, zare yana fita daga hannunta kamar ba ita take yi ba. Ni da na girma ina ganin kakata tana wannan aiki, sai na tarar na manta rabinsa. Malam kuwa yakan zauna dab da ita a kan tabarma, ya daɗe yana kallo kafin ya ja layi ɗaya. Ke Hadiza kin taɓa raka mu, kika ce a ɗauki hotuna da waya mana a huta da wannan zirga-zirga. Ya ce miki hoto yana kwaso komai, har da bokiti da kaji, shi kuwa so yake yaro ya ga inda yatsa yake danna zare. Gaskiya ya faɗa, amma akwai wata gaskiyar. Gilashin waya ya riga ya yi masa ƙanƙanta.

Ranar da ya gama shafin kaɗi ya miƙa wa Gwaggo. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"To ina kaina? Hannaye kawai na gani. Yanke mini kai ka yi?"

"Ai hannun ne ke aiki, Gwaggo."

"Ja'iri. Da ina budurwa da ba ka bar fuskar ba."

Muka yi dariya tare da ita. A hanyar komawa, muna tsaye bakin titi muna jiran mota, ya ce da ni a hankali: "Idan na kalli hannunta ba na ganin fuskarta, Rabi. Kamar ta cikin kara nake leƙe." Daga wannan shafin zuwa gaba, duk zanen da ke littafin hannaye ne. Waɗanda suka gani daga baya sun yi ta yabawa, suna cewa hikima ce ta mai zane. Ni na san dalili.

Kaka ta wuce. Kai Abba kana kira kana tuna masa alkawari, yana cewa saura saƙa. Da sanyi ya shigo ka zo da kanka, ka ajiye mota a ƙofar gida ka ce ba za ka koma ba sai da shi. Ban taɓa jin ka ɗaga wa mahaifinka murya ba sai ranar.

"Baba, littafin da babu wanda ya sa ka, babu wanda ya ce zai buga? Saboda shi za ka zauna ido ya lalace? Mu me za mu gaya wa mutane?"

Malam yana zaune yana fiƙe fensir da reza, yana lalube da babban yatsa. Na buɗe baki zan faɗa maka abin da likita ya ce, maganar ta zo har kan harshena. Ban san yadda aka yi ya gane ba. Bai ɗago kai ba, sunana kawai ya kira.

"Rabi."

Na haɗiye. Ka dube ni, ka dube shi, ka ɗauki makullin mota. Tuwon da na tuƙa maka da miyar kuka, wadda kake so tun kana yaro, haka na mayar da shi madafa ba a taɓa ba.

Masaƙi ya yi mana wuyar samu. Duk wanda aka kwatanta mana sai mu tarar ya rasu ko ya bar sana'ar. Daga ƙarshe aka tura mu Gagarawa wurin wani dattijo, Malam Barau. Shi ma ya daɗe da kwance masaƙarsa, itatuwan suna jingine a rumfar awaki, 'ya'yansa duk direbobi ne suna jigilar kaya zuwa bakin iyaka. Da farko ya ƙi, ya ce bayansa ba zai ɗauka ba. Da na kwance ƙunshi ya ga zaren Gwaggo, sai ya ɗauka ya ja shi tsakanin yatsu, sannan ya ce mu dawo bayan Juma'a. Muka dawo muka tarar ya kafa masaƙa a gindin darbejiya, ya ja zaren ya miƙe har bakin danga. Yaran unguwa suka taru suna kallo kamar an kawo wata dabbar daji. A nan Malam ya fi shan wuya. Ƙoshiya, ɗan katakon da ke ɗauke da zare, tana wucewa daga hannu zuwa hannu da sauri, kafin ya kama ta da ido ta fita daga ɗan wurin da yake gani. Ya yi ta roƙon dattijon ya tsaya cak.

"Malam, in na tsaya ai ba saƙa kake zanawa ba," in ji Malam Barau, "zama kake zanawa."

Amma ya tsaya, hannu a sama, har kafaɗarsa ta yi tsami. Mun yi ta zuwa Gagarawa har zafi ya fara. A lokacin Malam ya daina ganin layin fensir a kan takarda, ya koma zane da gawayi. Da yamma idan mun dawo idon ya yi ja, kansa yana sara, in jiƙa tsumma in ɗora masa a goshi. Ban taɓa tsallake lokacin magani ba, ko a cikin mota ne sai na sa ya ɗaga kai na ɗiga masa. Ina so ku san wannan.

Zaren bai kai na babbar riga ba, abin da ya fito 'yar rigar yaro kawai zai yi. Malam ya so a rina ta da baba, muka je inda marina take a da, muka tarar an cike ramukan da shara, an kafa shagon cajin waya a gefe. Na gaya masa abin da ke wurin. Ya ce a bar ta fara. Ba a kai ga ɗinki ba Allah Ya yi wa Gwaggo Tabawa rasuwa cikin tsananin zafin bazara. Ba ta ga rigar ba. Waɗanda suka je maƙabarta sun gaya mini a ranar ne Malam ya fara ɗora hannu a kafaɗar wani don a ja shi. Da ya dawo bai ci abinci ba, ya ce in ɗauko masa mazarinta da aka ba shi, ya yi ta juya shi a hannu.

Wani tela a kasuwar Gumel ne ya haɗa rigar daidai jikin Ummi, babbar 'yarki Hadiza. Shafin tela ya fito da ƙyar: almakashi, allura, da yatsu masu kauri. Saura shafi ɗaya, yarinya sanye da riga. Ke kika kawo Ummi da hantsi, muka tsayar da ita a tsakar gida inda haske ya fi yawa, tana ta ƙorafi wai rigar tana yi mata ƙaiƙayi. Malam ya ɗora allo a gwiwa ya fara. Ina tsaye a bayansa. Na ga ya zana kai a sama, ya ɗaga gawayin, da ya mayar sai ya sauka a wani wuri dabam. Wuyan rigar ya fito a gefe, nesa da kan. Hannun riga ɗaya ya bi ta kan fuska, ɗayan ya wuce bakin takarda ya hau kan allo. Shi kuwa yana ta aiki a natse, yana ɗan karkata kai yadda ya saba. Da ya gama ya ɗaga allon.

"Rabi, me kika gani?"

Kika yi wuf kika riga ni. "Kai, ya yi kyau, Baba! Ummi sak."

"Ba ke na tambaya ba."

Na dubi takardar, na dubi ƙeyarsa. Ina jin idonki a kaina kina roƙona.

"Bai haɗu ba, Malam," na ce. "Kan yana wuri ɗaya, rigar tana wani wuri. Layi ya fita daga takarda."

Ya shafa takardar da tafin hannu kamar zai ji zanen, gawayi ya ɓata masa yatsu. Sannan ya lalubi gwangwanin da yake ajiye gawayi ya saka, ya rufe.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "A cire wa yarinyar nan rigar, tana damunta."

Kika bi ni madafa kina kuka. Kika ce me zai rage ni da na ce masa ya yi kyau, mutumin da ba zai taɓa ganin takardar ba. Kika ce ban da tausayi. Ni ma a lokacin ban tabbatar ba ko daidai na yi. Daga ranar bai sake taɓa gawayi ba. Shi da kansa ya ce a kira Abba, ya shirya zuwa Kano.

Likitan ya duba ya daɗe, ya ce yanzu babu abin da aiki zai ceto. Kai Abba ka tambaye shi da an yi tun bara fa. Ya ce wataƙila da an riƙe wani abu, wataƙila kuma a'a. Rabin farko kaɗai ka ji. Daga Kano har Gumel ba ka ce mana komai ba, ka sauke mu a ƙofar gida ka juya. Na roƙi Malam ya bar ni in yi maka cikakken bayani, tunda abin da yake gudu ya riga ya faru. Ya ce in bari, yanzu duk abin da muka faɗa zai zama kamar kare kai, kuma fushin ƙauna ne, zai huce. Ban ce ka yi watsi da mu ba. Abinci da magani ba su taɓa yankewa daga wurinka ba. Amma ƙafarka ta ɗauke daga gidan, in ka zo ma a tsaye kake gaisawa.

Littafin kuwa ba a buga shi ba. Na kai wurare, kowa ya yaba, babu wanda ya karɓa. Na sa aka yi fotokofi na raba wa 'yan makarantu a Gumel da Sule Tankarkar. Wata malama ta gaya mini yara suna son shi, sai dai kullum suna tambaya ina wanda ya sa rigar, don a shafin tela ya tsaya. Ko da a ce an buga shi ya zaga ƙasar nan, ba zan ce muku ya kai darajar ido ba. Ban sani ba. Har yau idan na zauna ni kaɗai nakan tambayi kaina da mun zauna a Kano fa, in rasa amsa. Abin da na sani shi ne idon nasa ne, ya ji bayanin likita da kunnensa, ya zaɓa yana cikin hankalinsa, ni kuma na tsaya inda ya roƙe ni in tsaya.

Shekarun da suka rage masa cikin duhu ya yi su, kuma ba zan yi muku ado ba, sun yi mana nauyi. Mutumin da yake cika majalisa da labari ya koma zaman zaure shiru. Ya daina zuwa ɗaurin aure. Wani lokaci in kawo abinci ya ce ba ya ci, ba don komai ba sai don ba ya so a ga yana lalube a kwano. Ban da makarantar da zan je, ban da kowa sai shi, shi ma ba shi da kowa sai ni, wasu ranakun kuma hakan ba ya isar ko ɗayanmu.

Abu ɗaya ya rage in faɗa muku. Watanni bayan dawowarmu daga Kano, wata safiya ina yanke masa farce a bakin ƙofar ɗaki, sai ya ce:

"Hadiza har yanzu tana jin haushinki a kan shafin nan ko?"

Na ce e.

"Yarinya ce. Tun gawayi yana hannuna na san ya kauce. Da kin ce mini ya yi kyau, da daga ranar ban da sauran idon da zan yarda da shi a duniya."

Na ci gaba da yankan farcen. Can ya sake tambaya.

"Abba ya kira?"

Wayar tana gefena a kan tabarma. Da na ce masa, "Ya kira kana barci, ya ce a gaishe ka," babu yadda zai sani.

"Bai kira ba, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini ɗayan hannun.